Na ƙara wa fedar jitata ƙarfi sai sautin ya lalace, me na ɓata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wani situdiyo da ke Zoo Road a nan Kano. Na haɗa feda, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita, irin Tube Screamer, da hannuna a kan allon vero mai ramuka da layukan tagulla, da IC 4558, tana kuma aiki lafiya lau. Don in ƙara mata ƙarfi sai na cire resista 4.7k da ke reshen ƙafa ta 2 ta IC ɗin na sa 2.2k. Ƙarfin ya ƙaru, amma sautin ya sirance kamar na rediyon hannu. Sai na sa makunni da ke ƙara kafasita 1µF a kan ta 47nF da ke reshen. Yanzu in na kunna makunnin sai sifika ta yi "ɗas", sautin ya cakuɗe, in na kai boliyum ɗin ƙarfi, wato Drive, ƙarshe kuma ta kama fito. Boliyum ɗin Tone ma ya lalace na canza shi, sabon ba ya aiki sai a ƙarshe-ƙarshensa. Da batir shiru take, da adafta kuwa sai gurnani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, babu alamar ka ƙona komai, tunda sauti yana fita. Siranta da cakuɗewa da "ɗas" da fito duk uwarsu ɗaya, wato reshen nan da ka taɓa a ƙafa ta 2. Resista da kafasitar da ke wurin aiki biyu suke yi a lokaci guda. Su ne ke yanke yawan ƙarfin da IC zai ƙara, su ne kuma filtar da ke zaɓar sashen sautin da zai samu ƙarin. Duk wanda ya canza ɗaya bai lissafa ɗayar ba, ya matsar da filtar ko da bai yi niyya ba.

Lissafin ba shi da wuya, kalkuletar waya ta isa. Ka ninka resista a kilo-om da kafasita a nanofarad, sannan ka raba 159,000 da abin da ya fito. Amsar ita ce iyakar filtar a Hz. A zanen asali, 4.7 sau 47 ya ba da kusan 221, wato iyakar tana wajen 720Hz. Duk sautin da ke sama da nan yana samun cikakken ƙarfi, wanda ya kai ninki 118 idan Drive yana ƙarshe, domin resista 51k da boliyum 500k ne ake rabawa da 4.7k. Abin da ke ƙasa da 720Hz kuwa ƙarfinsa raguwa yake yi, duk lokacin da ka sauka da rabi shi ma ya ragu da rabi. Tsirkiyar E mai kauri tana 82Hz, saboda haka ninki 13 kacal take samu. Da gangan aka yi hakan, kuma shi ne ya sa wannan feda take fitar da jita fili a tsakiyar kiɗa ba tare da ta danne bes ba.

Da ka sa 2.2k ka bar 47nF, iyakar ta haura zuwa wajen 1,540Hz, ƙarfin sama kuma ya kai ninki 250. A 82Hz fa? Yana nan a 13 ɗinsa, domin a can ƙasa kafasita ce ke riƙe da ragama, resista ba ta da ta cewa. Ka ga ke nan kaurin sautinka bai ragu ba ko kaɗan. Kaifin ne ya ninka ya rufe shi, kunne kuma ya ji kamar an zare bes.

Maganin da ka kawo ya wuce gona da iri. 1µF da 47nF idan aka haɗa su gefe da gefe 1,047nF ne, da 2.2k kuma iyakar ta faɗo 69Hz, ƙasa da tsirkiyarka mafi kauri. Tsirkiyar da take samun ninki 13 yanzu tana samun kusan 190. Diyod biyun da ke tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 suna fara datse sauti ne tun wajen rabin bolt, kuma tsirkiyoyi masu kauri su ne suka fi fitar da sigina mai yawa. Sai su cika diyod ɗin su kaɗai, sauran sautukan su hau kansu suna gauraya, a samu wasu ƙararraki da ba ka kaɗa ba. Shi ya sa in ka kaɗa tsirkiya ɗaya za ka ji da dama-dama, in ka haɗa uku ko huɗu sai komai ya dagule. Wannan filta tana gaban diyod ne, kuma abin da aka riga aka cakuɗa a nan babu wani Tone da zai warware shi daga baya.

Ga abin da za ka yi. Cire 1µF ɗin gaba ɗaya. Cire 47nF ka sa 100nF a gurbinta. Da 2.2k iyakar ta koma 723Hz, wato sautin asali ya dawo, ƙarin ƙarfin da kake so kuma yana nan. Ka kaɗa ka saurara a haka kafin ka ƙara komai. Idan har yanzu kana son makunnin kauri, ka sa shi ya ƙara wata 100nF, jimla 200nF, iyaka wajen 360Hz. In jitarka mai siririn sauti ce kana iya sa makunnin ya ƙara 220nF, jimla 320nF, wadda za ta kai ka 226Hz. A ganina kada ka sauka ƙasa da haka da irin wannan ƙarfi, domin daga nan ne cakuɗewar take fara dawowa.

A wajen sayen kaya ne mutane da yawa suke faɗawa rami, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Lambobi uku ne a jikin ƙananan kafasita, biyun farko adadi, ta ukun yawan sifili, a pikofarad. 473 ita ce 47nF, 104 ita ce 100nF, 224 ita ce 220nF. 472 kuwa 4.7nF ce, kuma idan ta shiga gurbin 473 iyakar za ta ninka sau goma, sautin ya zama tsinin allura. In ka je Sabon Gari wajen masu kayan gyaran rediyo da talabijin, ka rubuta lambar a takarda, ka kuma karanta jikin kayan da idonka kafin ka bar shagon, domin a aljihun tebur ɗaya ake zuba su, gauraya ba ta da wuya. Harafin da ke bin lambar shi ne yawan kaucewar da aka yarda da ita: J kashi 5 cikin ɗari, K kashi 10, M kashi 20. Ka nemi ta filim, irin koriyar nan mai sheƙi ko mai siffar ɗan akwati. Ƙananan masu launin ƙasa na seramik, musamman masu daraja babba kamar 104, darajarsu tana motsi da zafi, kuma kowa ya san yadda akwatin ƙarfe yake zama a Kano cikin watan Afrilu. Wasunsu ma idan ka ƙwanƙwasa su da biro za ka ji a sifika. A layin wuta ba su da laifi, amma ba a hanyar sauti ba. Resista kuwa ka auna ta da mita kafin ka liƙa. 2.2k ja, ja, ja ce, 220 om ja, ja, ruwan ƙasa, 22k ja, ja, ruwan lemo, kuma a hasken fitilar caji ja da ruwan ƙasa kusan abu ɗaya ne.

Ka kuma lura da yadda za ka haɗa kafasita ta biyun. Gefe da gefe ake ƙara daraja. Idan a jere ka sa su, ɗaya tana bin ɗaya, raguwa suke yi: 100nF biyu a jere 50nF ne, sai ka kunna makunnin kauri ka ji sauti ya ƙara sirancewa. A allon vero wannan kuskure yana faruwa ne idan ƙafa ta kauce da rami ɗaya.

Batun "ɗas" kuwa, ƙafa ta 2 tana zaune ne a 4.5V. Idan reshen naka a giraun, wato layin sifili bolt, yake sauka, kafasitar da ke haɗe kullum tana ɗauke da wannan 4.5V, wadda ke bayan makunni kuma fanko ce. Da ka kunna sai ta zuƙi caji farat ɗaya, IC ya ninka wannan zuƙar ya aika sifika. Ka liƙa resista 1M tsakanin ƙafafun makunnin biyu. Ta nan kafasitar za ta riƙa cika a hankali ko da makunnin a kashe yake, kuma girman resistar ya sa kunne ba zai ji tasirinta ba. Wasu zane-zanen suna sauke reshen a layin 4.5V maimakon giraun. A can ƙarar ba ta kai haka ba, amma resistar ba ta ɓata komai, ka sa ta.

Fito alama ce ta cewa sautin da ya fita yana samun hanyar komawa mashiga. Da ninki 118 fedar tana jure wayoyi barkatai, da 250 ba za ta jure ba. Babban abin zargi shi ne wayoyin makunnin da ka ƙara, domin ƙafa ta 2 ita ce wurin da ya fi ko'ina saurin ɗaukar hayaniya a fedar, kai kuma mai yiwuwa ka ja mata doguwar waya har murfi. Ka buɗe akwatin, ka kai Drive ƙarshe, ka ɗauki tsinken itace ko jikin biro na roba ka riƙa ture wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka taɓa muryar fiton ta canza, ita ce. Gyaran shi ne ka sake jeren reshen: daga ƙafa ta 2 resista 2.2k ta fara zuwa, a liƙe kusa da IC, sai kafasita, makunni kuma ya zauna a can ƙarshe ta ɓangaren giraun. Ka murɗe wayoyin makunnin biyu tare, ka gajarta su iya yadda za su kai. Wayar jak ɗin shiga da ta fita kada su kwanta kusa da juna, in dole su haɗu to su gitta. Daga jak ɗin shiga zuwa makunnin ƙafa da kuma allo, ka yi amfani da waya mai raga, ka haɗa ragar da giraun ta gefe ɗaya kawai.

In ka yi wannan fiton bai tafi ba, akwai ƙaramar kafasita 51pF da ke gefen diyod. Ita ma filta ce, mai rage kaifi. Idan Drive yana ƙarshe tana fara aiki wajen 5,700Hz, in yana farko kuma sai can sama da abin da kunne ke ji. Ka tabbatar tana nan kuma ƙafafunta sun kama dalma. Kana iya mayar da ita 100pF, lambarta 101, iyakar ta sauko wajen 2,900Hz, wanda zai kashe fito ya kuma tausasa kaushin da 2.2k ta kawo. Sannan ka liƙa 100nF tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, a bayan allo, dab da IC.

Akwai wata ƙarar daban da ake rikita ta da fito, mai "fut-fut-fut" a hankali. Ita daga layin 4.5V take zuwa. Resista 10k biyu ne suke raba 9V gida biyu, kafasita 47µF kuma take riƙe tsakiyar don kada ta yi rawa. Idan reshenka a nan yake sauka, kuma 47µF ɗin tsohuwa ce da aka ciro daga wani allo ta riga ta bushe, sauti zai bi layin ya koma ƙafa ta 3. Ka sa sabuwa 100µF, ko ka mayar da ƙarshen reshen giraun.

Tone ɗinka lafiyarsa ƙalau, nau'in ne bai dace ba. Ƙafafunsa na gefe suna zuwa ƙafa ta 5 da ta 6, ta tsakiya kuma tana bi ta 220nF da 220 om zuwa giraun. Wannan ɗan reshe ba ya da tasiri sai resistar da ke tsakaninsa da IC ta yi ƙanƙanta ƙwarai. A 1,000Hz kafasita 220nF tana tare hanya da kimanin om 720 ne kawai, boliyum B20k kuwa, mai tafiya bai ɗaya, da ka juya shi kashi ɗaya cikin goma ya riga ya saka 2k a tsakani. Daga nan har ka kusa ɗaya ƙarshen reshen a yanke yake kusan gaba ɗaya. Shi ya sa masu fedar asali suka sa boliyum 20k mai tafiya ta musamman, wanda ake sayarwa da alamar W, mai canzawa a hankali a gefe da sauri a tsakiya. In ba ka samu W20k ba, B5k zai ba ka juyi mai daɗi, B10k ma ya fi abin da kake da shi. In kuwa B50k ko B100k aka ba ka, irin na amfilifaya, to matsalar ta ninka. Kada ka wahalar da kanka da liƙa resista tsakanin ƙafafun gefe biyu don rage darajarsa. Wannan dabara tana aiki a wasu wurare, amma a nan IC yana riƙe ƙafa ta 5 da ta 6 a bolt ɗaya, don haka babu abin da zai bi ta cikinta. Idan juyin ya zo a juye, kaifi a hagu, sai ka musanya wayoyin gefe. Idan kuma yana ƙarar yashi in ana juyawa, yawanci ƙurar hunturu ce, feshin wanke boliyum ya isa. In an fesa ba ta daina ba, musamman a Level, wato boliyum ɗin murya, ka auna DC tsakanin ƙafafunsa na gefe. Sifili ya kamata ka gani, in ba haka ba kafasita 1µF da ke gabansa tana yoyo.

Saura gurnani. Tunda da batir shiru ne, laifin adafta ne, kuma jitarka za ta gaya maka irinsa. Wutarmu 50Hz ce, adafta mai tiransifoma da ba ta tace wuta sosai tana barin 100Hz. Ka danna tsirkiyar E mai kauri a gaɓa ta uku, G ke nan, 98Hz. In gurnanin ya yi kusan daidai da wannan murya, ragowar wutar da ba a tace ba ce. In siririn kuka ne can sama, adaftar irin mara nauyin nan ce mai aiki kamar cajar waya. A kan janareto za ka ji muryar gurnanin tana hawa da sauka yadda injin yake ɗaukar lodi. Ka sa resista 100 om a jere da wayar 9V daidai inda ta shigo allo, bayanta kafasita 470µF zuwa giraun, da 100nF a gefenta. Iyakar wannan filta wajen 3.4Hz ce, tana rage 100Hz kusan sau 30, ita kuma 100nF tana kama siririn kukan. Fedar ba ta jan abin da ya kai 10mA, don haka abin da za ka rasa a resistar bai kai bolt ɗaya ba. Kafasitar ta zama mai 25V, domin adafta da aka rubuta wa 9V tana iya ba da 12V ko fiye in ba ta da lodi. Ka auna taka ka gani, ka kuma tabbatar da inda nagetif yake, domin fedodi irin na kamfanin Boss a tsakiyar filogi yake, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa.

Kowane canji ɗaya ka yi, ka gwada kafin ka shiga na gaba, kuma duk lokacin da ƙarfen dalma ya taɓa allo ka auna ƙafafun IC. Baƙar wayar mita a giraun, babu sauti a mashiga. Ƙafa ta 8 wajen 9V, ta 4 sifili, sauran shidan duk kusa da 4.5V. In ƙafa ta 1 ta haura zuwa 5V ko ɗan sama da haka, DC yana bi ta reshenka zuwa giraun: ko dalma ta zarce ta haɗe ƙafafun kafasita, ko ka manta yanka layin tagulla a ƙarƙashinta, ko makunnin yana tsallake ta. Ka ɗauki hoton bayan allon da waya ka zuƙo shi, za ka ga siririn gashin dalma da ido bai gani ba. Ka bi tsakanin layukan da bakin reza, ka wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Wasu zane-zanen suna amfani da ƙafa 5, 6, 7 wajen diyod, 1, 2, 3 kuma wajen Tone, amma tunda ka ce ƙafa ta 2 ka taɓa, naka yadda na lissafa yake.

Idan bolt ya yi daidai amma sauti bai gamsar da kai ba, ka haɗa abin bin sauti. Tsohuwar wayar jita za ka yanke, ragar ta samu ɗan maƙali da za ka kama giraun da shi, wayar tsakiya kuma ka liƙa mata 100nF, ɗaya ƙafar kafasitar ita ce bakin da za ka riƙa taɓawa. Jak ɗin ya tafi amfilifaya, a rage murya sosai. Ka taɓa ƙafa ta 3, nan jita ce tsantsa. Ƙafa ta 1 ta fito da ƙarfi da kaushi da kaifi. Ƙafa ta 5 ta yi laushi, domin ta ratsa resista 1k da 220nF, wata filtar mai rage abin da ke sama da 723Hz. Ƙafa ta 7 ta riƙa canzawa in kana juya Tone. Tsakanin wurin da sauti yake daidai da wurin da ya ɓaci, nan za ka tsaya ka bincika, kayan da ke wurin ba za su wuce uku ko huɗu ba.

Tunda a situdiyo kake, kana ma iya ganin filtar da idonka. Ƙananan mitoci irin DT830 ba za su yi wannan aiki ba, ma'aunin AC ɗinsu na wutar gida ne. Ka fitar da sauti mai hawa daga 50Hz zuwa 10,000Hz daga kwamfuta zuwa fedar, ka mayar da abin bin sautin cikin mashigar jita ta na'urar ɗaukar sautinku, ka buɗe manhajar da ke nuna zanen firikwansi. Drive ya kasance a farko, inda ƙarfin yake ninki 24 da 2.2k, siginar shiga kuma kada ta wuce milibolt 10, in ba haka ba diyod za su datse ta su shafe zanen. A ƙafa ta 1 za ka ga layi yana hawa daga ƙasa har ya fara kwanciya wajen 700Hz. Ka kunna makunnin kauri, gwiwar ta koma wajen 360Hz. In ta matsa dama maimakon hagu, kafasitocin a jere suke, in ba ta motsa ba kuma wayar makunnin ba ta kama ba.